FILIN MATA: Rigar Namiji Mai Faɗin Kafaɗa

 

Ga kaka ta yi. Gero ya shiga rumbu, an cire gyaɗa, dawa tana jiran yanka, ɗan kuɗi ya shigo hannun mazajenmu. Yanzu ne lokacin bukukuwa, yanzu ne kuma ake yanka sababbin tufafi. Saboda haka na ga ya kamata yau mu yi magana a kan wata wahala da mata da yawa ke fama da ita, amma ba a cika faɗinta ba, watau samun riga da wando da za su zauna daidai a jikin ƙaƙƙarfan namiji.

Ku dubi mazajen ƙasarmu ta Makoda, daga Koguna har Maitsidau, daga Satame har Wailare. Mutumin da ya tashi da garma a hannu tun yana yaro, ya yi huɗa, ya yi noma, ya ɗauki dami, jikinsa yakan ɗauki wata siffa: kafaɗa da faɗi, ƙirji a buɗe, damtse kamar taɓarya, cinya a cike, ƙugu kuwa siriri, ba tumbi. Haka maƙera suke, haka mahauta da 'yan dambe, haka samarinmu 'yan ƙwallo. Wannan jiki baiwa ce. Amma ranar da aka kawo ɗinki daga wurin tela sai baiwar ta zama abin ɓacin rai. In rigar ta shiga kafaɗa, sai ta yi masa buhu a ciki. In ta zauna a ciki, sai hammata ta shaƙe, ya kasa ɗaga hannu. Wando kuwa, in ya yi daidai a ƙugu, ba ya wuce cinya.

Kada wata ta ce wannan ƙaramar magana ce. Shadda yadi biyar kuɗin buhunan hatsi ce a gidan manomi, almakashi kuwa in ya yanka ya yanka ke nan. Ga kunya kuma. Magidanci ya shiga sahu ranar Juma'a, ya sunkuya, riga ta ɓarke a baya, ko ya je ɗaurin aure ya tsuguna gaida manya, wando ya tsage. Wannan fushi ba a kasuwa yake sauka ba, gida ake kawo shi.

Yadda Kakanninmu Suka Yi

Da can ba a san wannan wahala ba, dalilin kuwa yana cikin yadda ake yanka tufafinmu na gargajiya. Masaƙa suna saƙa ƙyalle siriri mai tsawo, maɗinki ya jera ya harhaɗa. In mai rigar babban mutum ne, sai a ƙara jeri. Babbar riga faɗinta ya kai daga wannan hannu zuwa wancan, mai ita ya naɗe ta bisa kafaɗa, ko siriri ne ko ƙato. 'Yar shara a buɗe take ta gefe, manomi ya wurga hannu yadda ya so. Wandon da kuwa ana yi masa baki mai faɗi da hantsa mai zurfi, zariya ce ke tattara shi daidai ƙugun mai shi. Tufa ce ke bin jiki. Mu da muke da mazaɓa guda mai suna Babbar Riga a cikin ƙaramar hukumarmu bai kamata a koya mana wannan ba.

Wannan sana'a ta kai sunan Kano nesa. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano cikin 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Abin mamaki, cikin wannan shekara ta 1851 ne wani mutumin Amurka, Isaac Singer, ya sami takardar mallakar keken ɗinkinsa, wanda jikokinsa ke ƙara yau a kowace rumfar tela. Bayan shekara goma aka yi yaƙin basasa a Amurka, daga 1861 zuwa 1865. Aka rasa yadda za a yi wa dubban sojoji ɗinki ɗaya bayan ɗaya, sai aka auna mutane da yawa, aka raba su aji aji, aka ba kowane aji lamba. Daga nan ɗinkin kanti mai lamba ya yaɗu cikin duniya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Masu ɗinkin kanti suna yanka wa matsakaicin mutum ne. A lissafin da suka saba, ƙirjin namiji ya fi ƙugunsa da inci 6. Kwat mai lamba 44 tana zuwa da wando mai ƙugu 38. Mu ɗauka maigidanki ƙirjinsa inci 44 ne, ƙugunsa 34, tsakani inci 10 ke nan. In kin saya don ƙirjin, wandon ya yi masa yawa da inci 4. In kin saya don ƙugun, kwat ɗin da za ta zo lamba 40 ce, ƙirji ya rasa inci 4. Ko ta ina aka bi an yi asara, alhali mutumin lafiyarsa lau, ba don jikinsa aka yi lissafin ba.

Yau kaftanin da samari ke yayi ya ɗauko wannan hali, ana yanka shi ya kama jiki, hannu siriri, wando kamar bututu. Tela in ya yi sauri, ko aiki ya yi masa yawa gab da Salla, sai ya auna tsawo da kafaɗa kaɗai, sauran ya cika da ka. Matsakaicin mutum ya tsira, ƙaƙƙarfa ya sha wuya.

Kafaɗa Ita Ce Gaba

Ga abin da nake so kowace mace ta riƙe, ko ta manta sauran. A saya don kafaɗa, a gyara ciki. Riga in ta yi yawa a ciki, kowane tela zai kama ta ta gefe cikin ɗan lokaci. In tsawo ya yi yawa, a kalmashe. Amma in kafaɗa ta yi kaɗan ba magani, gama wuya da hannuwa duk a jikinta suke rataye, babu kuma inda za a samo ƙyallen da ba a bari ba. Haka wando: a saya don cinya da mazaunai, a rage ƙugu. Ragewa mai sauƙi ce, ƙari ne aiki.

Yadda Za Ki Auna

Yawancinmu ba ma zuwa rumfar tela, yaro ake aika da yadi, ko maigida ya tsaya a gaggauce ranar Lahadi in ya je kasuwar Dambatta. Nan ne amfanin karatunki zai fito. Ki sayi tef ɗin awo irin na tela, kuɗinsa kaɗan ne. Gefe ɗaya inci ne, ɗaya gefen santimita. Telolinmu da inci suke aiki, inci 36 ne yadi guda, saboda haka ki lura kada ki haɗa gefe biyun. Ki sami littafi ki keɓe shafi guda don wannan. Ki bari sai maigida ya ci abinci ya huta, ya tsaya sosai da 'yar singileti, hannuwa a sake, kada ya cika ƙirji da iska. Maza suna son yin haka in sun ga tef, ki yi masa hira har ya saki jiki.

1. Kafaɗa. Ta baya, daga ƙarshen ƙashin wannan kafaɗa zuwa ƙarshen na waccan, tef ya bi ta gindin wuya. Ki taɓa da yatsa ki ji ƙashin, kada tsoka ta ruɗe ki.

2. Ƙirji. Ki zagaya ta ƙarƙashin hammata, ta inda ya fi cika, tef ya hau kan allon kafaɗa ta baya. Kada ya karkace.

3. Wuya. Ki zagaya gindin wuya, ki sa yatsu biyu tsakanin tef da fata.

4. Damtse. Ya lanƙwasa hannu kamar zai ɗaga tulu, sa'an nan ki auna. Wannan awo shi aka fi mantawa, shi ne kuwa ke kashe riga.

5. Tsawon hannu. Daga ƙashin kafaɗa zuwa wuyan hannu, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe.

6. Tsawon riga, daga gindin wuya zuwa inda yake son ta tsaya.

7. Ƙugu, daidai inda yake ɗaura wando.

8. Mazaunai da cinya, kowanne ta inda ya fi kauri.

9. Hantsa. Ya zauna bisa kujera mai tauri, ki auna ta gefe daga ƙugu zuwa kan kujerar.

10. Tsawon wando, daga ƙugu zuwa idon sawu.

Wadda ke jin nauyin auna maigida, ko yarinyar da ke son auna wa babanta ko yayanta, ga hanya. Ki ɗauko tsohuwar rigar da ya fi so, wadda kullum ita yake nema in an yi wanki. Ba banza yake sonta ba, ita ce ba ta matse shi. Ki shimfiɗa ta bisa tabarma, ki auna daga hammata zuwa hammata, ki ninka biyu. Haka za ki yi wa hannu da cinya. Amma ki rubuta wa tela cewa awon riga ne, don kada ya sake ƙara masa wani abu.

Sarari

Awon jiki dabam, awon riga dabam. Tufa tana bukatar sarari don mutum ya yi numfashi, ya sunkuya, ya miƙa hannu. A makarantar horon malamai, wajen darasin ɗinki, wannan ne abin da aka fi nanata mana. Ga ƙaƙƙarfan namiji, ki ce wa tela ya ƙara aƙalla inci 6 bisa awon ƙirji in kaftani ne, inci 3 bisa damtse, inci 3 ko 4 bisa cinya, inci 1 bisa hantsa. Kafaɗa kuwa ba a ƙara mata fiye da rabin inci. Nan teloli da yawa ke kuskure: sun ga mutum ƙato, sai su faɗaɗa kafaɗa har ɗinkin ya zubo kan damtse, rigar ta zama kamar ta aro, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Abu huɗu za ki rubuta a ƙasan takardar awo. Na fari, a sa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a hammata, kamar yadda maɗinkan da ke yi wa taguwa. Shi ke ba hannu damar tashi ba tare da ya ja rigar duka sama ba. Na biyu, a yi ninki guda ko biyu a baya, ƙasa da kafaɗa, wanda zai buɗe in ya miƙa hannu gaba, ya koma ya kwanta in ya tsaya. Na uku, a bar inci guda na yadi cikin kowane ɗinkin gefe, kada a datse, don in jiki ya ƙaru a buɗe. Na huɗu, a yi wa hantsar wando da hammata ɗinki biyu. Wando kuwa na zariya ya fi masa na maɓalli, gama zariya ba ruwanta da bambancin ƙugu da cinya.

Wajen Sayen Yadi

Inda matsakaicin mutum zai ɗinka kaftani da wando da yadi 4, ƙaƙƙarfa sai 5. Kada a yi rowar yadi guda a ɓata huɗu. Tela in yadi ya gaza masa ba ya maido shi, hannu da cinya yake ragewa, can ne kuwa mutuminmu ya fi bukata. In babbar riga ce da 'yar ciki da wando, yadi 10 aka saba. A babbar rigar ba matsala, 'yar cikin za a lura da ita.

Auduga tana shiga in ta ga ruwa. Wadda ba a yi mata maganin haka a masaƙa ba takan rasa kamar inci ɗaya cikin ashirin, yawanci ta tsawo. Wani ɗan Amurka, Sanford Cluett, ya fito da hanyar shigar da yadi tun a masaƙa cikin 1930, amma ba kowane yadin kasuwa aka yi wa ba. Saboda haka akoko da alawayyo da kaki, ki jiƙa su ki shanya a inuwa kafin a kai wa tela. Shadda ba a jiƙa ta, don ƙyallinta zai tafi, sai dai a ƙara mata sarari tun wajen yanka. Wanda zai saya a Kantin Kwari ya murɗa gefen yadin a hannu ya gani, in sitaci ne ya ba shi ƙarfi zai nuna. Yadi mai haɗin roba ba ya shiga, amma ba ya shan gumi, mai aikin ƙarfi kuwa mai gumi ne. Araha ba ta ado.

In Gwanjo Ne

Ba kowace shekara ake iya ɗinki ba, gwanjon Ƙofar Wambai da na kasuwannin ƙauye ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma a shiga da hankali. Haruffan nan da ke wuyan riga, M da L da XL, ba awo ɗaya suke nufi a ko'ina ba. Rigar da aka ɗinka don kasuwar Sin takan fi ta Amurka ƙanƙanta ko da harafin ɗaya ne. Lambar kwala kuwa, irin 16 ko 17, awon wuya ne da inci, in kin ga 41 ko 43 santimita ne. Mai kaurin wuya in ya bi lambar kwala kaɗai, cikin rigar zai ɗauki mutum biyu. Ba laifi, a saya hakanan, a kai wa tela ya kama gefe.

Akwai wata dabara da 'yan kasuwa ke yi, su ninka bakin wando su zagaya shi a wuyan mai saye, in ya haɗu su ce ya yi. Dalilinsu shi ne wuyan yawancin mutane rabin ƙugunsu ne. Ga ƙaƙƙarfa wannan dabara ba ta ci, gama wuyansa ya fi rabin ƙugunsa, ba ta kuma faɗin kome game da cinya. Abin da ya fi, ki yanka zare biyu masu kauri, ɗaya tsawon kafaɗarsa, ɗaya rabin awon cinyarsa da sararinta, ki ƙulla wa na kafaɗa ƙulli don a bambanta. Wanda aka aika ya shimfiɗa tufar ya ɗora zaren. Ko bai iya karatu ba zare ba zai ruɗe shi ba.

Ranar Karɓo Ɗinki

Kada a biya sauran kuɗin tela sai an gwada, kada kuma gwajin ya zama tsayuwa gaban madubi kawai. Ya ɗaga hannu biyu sama kamar zai aza kaya a ka. Ya miƙa su gaba kamar zai rungumi damin dawa. Ya sunkuya, ya tsuguna, ya zauna ya harɗe ƙafa. Ke kuwa ki tsaya ta baya ki duba. In kin ga yadi ya ja layi a kwance tsakanin kafaɗu, ko maɓalli yana neman tsinkewa, riga ta matse. In ninki ya zubo a tsaye daga sama zuwa ƙasa, ta yi yawa, wannan kuwa mai sauƙin gyara ne. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai kan ƙashi. Aljihun wando in ya buɗe baki, cinya ta yi kaɗan.

In akwai gyara a mayar da wuri, da magana mai daɗi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Telan da ya gane jikin mutum sau ɗaya a riƙe shi, kada a riƙa yawo da yadi don neman ragin kuɗi kaɗan.

Ki sani kuma jikin manomi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Cikin damina aiki yana cin ƙugu, kafaɗa ta ƙara tauri. Bayan kaka, in an huta an ci sabon hatsi, ciki yakan ɗan fito. Saurayi kuwa ko ya daina tsawo kafaɗarsa tana ci gaba da buɗewa har ya haura shekara ashirin. Saboda haka ki sabunta awo kowace shekara, ki rubuta kwanan wata a gefe. Awon bara ba ya yanka rigar bana.

Ga 'Yan Makaranta

Ƙannena, wannan darasin lissafi ne da za ku ci amfaninsa tun yau. Tarawa da ninkawa da rabin inci da kuke yi a allo, ga inda suke aiki. Ku fara da tsohuwar rigar Baba ko ta Yaya, ku auna, ku rubuta, ku kai wa malamarku ta duba. Yarinyar da ta iya awo ta yi rabin hanyar zama tela. Wadda kuma ta iya kama gefen riga da allura da zare, mata za su riƙa aiko mata da gyara daga maƙwabta, ta sami na sabulu da na littafi ba ta roƙi kowa ba.

Iyayena mata kuwa, na san cikinku akwai waɗanda suka ga yadda ake haɗa hammatar taguwa da hannu tun ban zo duniya ba. Ina roƙo ku sa 'ya'yanku su rubuto mana yadda kuke yi da sunan da kuke kiran kowane yanki, mu buga a wannan fili kowa ya ƙaru.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake wankin shadda da kai ta wurin masu bugu, da yadda ake ajiye ta cikin adaka asu bai taɓa ba. Kafin nan kowace ta nemi tef da littafinta.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya sa albarka cikin abin da aka noma. Sai wani makon.